Mai Ƙulla Ganyen Dawar Kwaji

Kwaji bai san yana tsoron kaɗaici ba sai da matarsa Miriyamu ta hau motar Yola. 'Yarsu Margret ce ta haihu a can, haihuwar fari, kuma ba uwar da za ta ji wannan labari ta zauna tana tankaɗe. Lokacin Mubi tana cikin jihar Gongola, Yola ce babban birni, tafiya ce mai kwance wa mutum ƙashin baya. Ya raka ta tasha a cikin garin Mubi, ya ɗora mata buhun gyaɗa da kaji, ya koma Kwaja, ƙauyen da suke zaune, a kan kekensa yana fito, har yana ce wa kansa yau dai kunnensa zai huta.

Gaskiya Miriyamu ba ta barin mutum ya sarara. Tun da suka sauko daga duwatsun Michika suna da ƙuruciya suka kama noma a Kwaja, Kwaji bai taɓa zama hannu rabbana a gabanta ba. In ya zauna a gindin tsamiya, sai ta dire masa kwandon gyaɗa ya ɓare. In ya gama, ta miƙo ɓawon rama ya tufka igiya, ko da kuwa igiyoyin gidan sun isa ɗaure awakin unguwa. Ko hira suke yi, sai ta saka masa wani abu a hannu. Ya sha gaya wa abokansa a coci cewa shi ba mace ya aura ba, sajan ya aura.

To, sajan ta tafi, gida ya yi tsit, amma kan Kwaji bai yi tsit ba. Sai ya zauna da niyyar tunanin jinkar rumbu da ke yoyo, kafin ya ankara tunanin ya tsallaka ya kama jaririn Margret, daga jariri ya faɗa rikicin da aka yi a Jimeta farkon shekara, daga nan ya koma kan iyakar Kamaru da aka rufe, ya biyo ta tsadar gishiri, ya ƙare a kan wa zai haƙa masa kabari. Duk wannan kafin kaza ta gama shan ruwa. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta aya, ya kai ƙarshenta bai san abin da farkonta ya ce ba. Ya ɗora tukunya a wuta, sai ya tsinci kansa a bayan rumbu riƙe da adda, ya rasa abin da ya kai shi, har ƙaurin wake ya kira shi. Rana tsaka ta fi masa muni, lokacin da kowa ya watse gona, ba a jin komai sai kukan kurciya.

Yana da aboki, Yaji, Bafillatanin da rugarsa ke tsallaken rafin da mutanen wurin ke kira mayo. Zumuncinsu ya girmi Margret. Kowace kaka, in Kwaji ya kwashe dawa, Yaji yakan kawo shanunsa su sauka a gonar, su ci kara su bar taki, shi ya sa dawar Kwaji ke fin ta maƙwabta tsayi ko da damina ta yi rowa irin ta bana. Suna kiran juna Sobajo, wato aboki da Fillanci. Tun da Miriyamu ta tafi, matar Yaji, Dijatu, take kawo masa ƙwaryar kindirmo kowace safiya, shi kuma Yaji yakan ratso da yamma su taɓa hira a bakin gona.

Dawa ta fitar da kai, tsuntsaye suka taso, birai ma suna saukowa daga dutse. Kwaji ya koma yini a gona shi da karensa Baruwana. Wata rana ya tsaya a kan iyakar gonar ta wajen mayo, yana hango shanun Yaji suna gangarowa shan ruwa, tunani ya ɗebe shi ya yi nisa da shi. Bai san tsawon tsayuwar da ya yi ba. Washegari da ya dawo wurin, sai ya ga ganyen dawa an ƙulle shi tam, wani kusa da shi ma haka, na ukun ma haka.

Gabansa ya faɗi. Iska ba ta ƙulli, biri ma ba ya yi. Wannan hannun mutum ne, kuma hannun da ya san igiya, don ƙullin ya zauna daram ba sako-sako ba. A ƙauyensu na kan dutse ya ji tsofaffi suna cewa in ana so a ɗaure wa mutum arzikin gona, ko a ɗaure shi kansa, da ganyen gonarsa ake yi. A da yakan yi dariyar irin wannan magana, shi da yake dattijo a coci. Ranar bai yi dariya ba. Ya duba ƙasa, ya ga sawun kofato da sawun takalmin roba, irin wanda kowa ke sakawa a ƙasar nan, har shi kansa. Amma zuciyarsa ta tsallake kowa ta ce masa Yaji ma irinsa yake sakawa.

Ya yi ƙoƙarin kore zancen. Ya ce zato zunubi ne, ya yi addu'a, ya ɗaga murya da waƙar coci. Bai kai baiti na biyu ba tunanin ya dawo da 'yan rakiya. Me ya sa Yaji ya tambaye shi ranar da Miriyamu za ta dawo? Me ya sa bara ya ce wannan gona ta fi kowacce ciyawa? In mai gona ya kwanta ciwo, matarsa tana Yola, wa zai hana shanu shiga? Wa ya san abin da ke cikin mutum, bayan abin da aka ji a Jimeta? Kowace tambaya ta haifi 'ya'ya, kuma ba wadda ta jira amsa.

Abin da ya ƙara wa wutar mai shi ne Yaji ya daina ratsowa da yamma. Ya sauya wa shanunsa hanya, yana zagayawa da su can ƙasa, in ya hango Kwaji sai ya ɗaga hannu kawai ya wuce. Kwaji ya gyaɗa kai ya ce ruwa ba ya tsami banza.

Daga ranar bai ƙara kai kindirmon Dijatu bakinsa ba. Yakan karɓa ya yi godiya, in ta juya baya ya juye wa Baruwana a kasko, ya tsuguna yana kallon karen. In kare ya yi hamma, Kwaji ya ce magani ya fara aiki. In ya kwanta barci a inuwa, Kwaji ya zungure shi da ƙafa ya ga ko zai tashi. Baruwana dai bai taɓa ganin daula irin wannan ba, gashinsa ya kwanta, wuyansa ya yi kauri. Wannan ma bai kwantar wa Kwaji da hankali ba, sai ya ce ai akwai maganin da ba ya cin dabba sai wanda aka kira sunansa.

Ya ƙudura sai ya kama mai ƙullin da hannunsa. Ya bar bakin iyaka ya koma tsakiyar gona, ya laɓe cikin dawa kusa da rumfar korar tsuntsu, inda yake ganin rugar ba a ganinsa. Ya yini a tsaye, ido a tsallaken mayo, kai yana gudu kamar injin niƙa. Bai ga kowa ba. Da gari ya waye ya dawo, sai ga ƙulli a nan daidai inda ya laɓe. Ya sauya maɓoya, ya koma gindin ɗorawa a bakin hanyar gida. Washegari ciyawar gindin ɗorawar ta kwana da ƙulli. Nan tsoro ya kama shi na gaske, don ya gane ba gonar kawai ake nufi ba. Ana bin sawunsa, kuma kullum ana matsowa kusa da gidansa.

Ya daina fita sai dole. Ya tokare ƙofar gida da turmi da rana tsaka, ya tsaya a bayan zana yana leƙen hanya ta 'yar kafa. Mai wucewa in ya gaishe shi, sai ya yi ta juya gaisuwar yana neman abin da aka ɓoye a ciki. In mutum bai gaishe shi ba, wannan kuma hujja ce. Tsuntsaye suka samu sake, suka yi biki a dawarsa.

Wata safiya Dijatu ta zo da ƙwarya, ta yi sallama, ya janye turmin da ƙyar. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta dubi karen da ke kaɗa mata wutsiya kamar ya ga uwarsa.

"Baban Margret, jam? Lafiya kuwa?"

"Lafiya, Dada Hapsatu," ya ce, don da sunan 'yarta ta fari yake kiranta.

"Lafiya ɗin ne karenka ya yi ƙiba, kai ka rame? Nono ɗin ba shi da daɗi ne?"

"Yana da daɗi."

"Matanka ya bar mini amana. Ya ce in kawo maka, in duba ka. In ya dawo ya same ka haka, me zan ce?"

Ya karɓi ƙwaryar. Kalma ɗaya ce ta maƙale masa a kunne, wai a duba shi. Ashe duba shi ake yi, ana kai rahoto. Da ta tafi ya juya zai mayar da turmi, idonsa ya sauka a kan gezar zanan ƙofar, ta ciki, inda yake tsayawa leƙe. An ƙulle ta, ƙulli bisa ƙulli, a jere. An shigo masa gida ke nan, ƙofa a tokare.

Bai ƙara wani tunani ba, ko kuma a ce tunanin ya yi yawa har ya zama ɗaya. Zai kai Yaji ƙara wurin Jauro, mai unguwarsu. Ya san abin da hakan ke nufi sarai. Ƙarar asiri a kan makiyayi ba ta tsayawa a zauren Jauro, kafin yamma ta zaga Kwaja, manoma su ce ba su yarda rugar ta ƙara kwana kusa da gonakinsu ba. Yaji zai kaɗa shanunsa ya tafi, kuma Bafillatanin da aka kora da irin wannan suna ba ya waiwaye. Kwaji ya ji zafin abin har cikin ƙirjinsa, don yana ƙaunar mutumin nan. Amma tsoro ya fi ƙaunar ƙarfi a safiyar. Ya yanki gezar zanan, ya bi ta gona ya yanko ganyayen da aka ƙulle, ya cusa su a jakar fata ya rataya.

Hanyar gidan Jauro ta bi ta mashigar mayo, kuma rashin sa'a ko sa'a, Yaji yana nan yana shayar da shanu, sanda a kafaɗa. Ba wurin kaucewa. Suka tsaya, gamba mai tsayi a gefen Kwaji, ruwa a gefen Yaji.

"Sobajo," in ji Yaji, murya a sanyaye. "Ina zuwa da jaka haka?"

"Wurin Jauro."

"Lafiya?"

"Kai ka fi ni sani."

Kwaji ya zazzage jakar a ƙasa. Ganyaye suka zube, kowanne da ƙullinsa. Yaji ya dube su, fuskarsa ta sauya, ya buɗe baki zai yi magana, amma Kwaji ya riga shi. Abin da ya taru masa a kai tun tafiyar Miriyamu ya ɓalle gaba ɗaya. Ya kawo maganar iyaka, ya tsallaka kan kindirmo, ya koma bara, ya dawo kan zana, ya ambaci Jimeta, ya manta inda ya faro ya sake farowa. Idonsa ba ya kan Yaji, yana can kan dutse.

"Me na yi maka, Yaji? Gona kake so? Ka jira matana ya tafi, sai ka fara bi na? Har cikin gidana? Ni da na ɗauke ka ɗan'uwa!"

Yaji ya ƙura ido wuri ɗaya. Ba fuskar Kwaji yake kallo ba, ƙasa-ƙasa yake kallo. Sai ya jefar da sandarsa, ya tako ruwan, ya cafke wuyan hannun Kwaji ya riƙe gam.

"Sake ni!"

"Useni, Sobajo, don Allah kar ka motsa. Duba hannunka."

Kwaji ya duba. Yatsunsa suna riƙe da ganyen gamba, sun lanƙwasa shi sun zura bakin ta cikin madauki, saura ja kawai. Kusa da shi wasu ganyaye a ƙulle, ɗanyu shataf, ruwansu ya ɓata masa babban yatsa da kore. Ya dubi na ƙasa da ya zazzage, ya dubi na hannunsa. Ƙulli ɗaya ne, irin wanda yake rufe bakin igiyar rama da shi tun yana yaro.

Ya zauna a kan yashi. Iyakar gona, rumfar tsuntsu, gindin ɗorawa, bayan zana. Duk inda ya tsaya gadin maƙiyi, nan maƙiyin ya bar alama. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

"Ni na ɗauka ka sani," in ji Yaji, ya tsuguna a gabansa. "Wallahi na ɗauka ka sani. Ranan farko ina nan a mayo, na gan ka a bakin gona, kana kallon shanuna kana ɗaurawa, bakinka yana motsi. Na ce Sobajo yana ɗaure bakin shanuna, irin na mutanen dutse. Na ce ya gaji da mu, kunya ya hana shi faɗi. Shi ya sa na canja hanya."

"Me ya hana ka tambaye ni?"

"Dijatu ya ce in tambaya. Na ce babba ba ya tambayan abin da idonsa ya gani. Har na aika a duba mini wurin sauka wajen Maiha, in an yi kaka mu tashi."

Kwaji ya rufe fuska da tafukansa. Kunya ta kama shi, amma akwai abin da ya fi kunyar nauyi. Da Yaji ne, da ya san wanda zai tokare wa ƙofa. Yanzu wa zai kai ƙara wurin Jauro?

"Kaina ya lalace ke nan, Sobajo," ya ce. "Ba na iya riƙe tunani ɗaya. In na zauna ni kaɗai, kamar kasuwan Mubi ne a cikin kaina, kowa yana magana, kowa yana ce mini ana zuwa."

"Da can ba ka yi haka?"

Kwaji zai ce a'a, sai ya fasa. Ya tuna kwandon gyaɗa. Ya tuna ɓawon rama da ake miƙo masa ana cikin hira, da yadda Miriyamu kan leƙo daga madafa in ya daɗe bai yi magana ba, ta ƙirƙiro masa aiki, ta zauna kusa tana surutu a kan farashin daddawa. Ashe ta daɗe da sani. Shekara da shekaru tana tsare shi daga kansa, ba ta taɓa faɗa masa ba, shi kuma yana yawo da ita a coci yana kiranta sajan. Kewarta ta kama shi, ya yi kuka a gaban shanu, bai damu ba.

Yaji ya bar shi ya gama. Sannan ya tattara ganyayen ya watsa su a mayo, ruwa ya tafi da su.

"Tashi," ya ce. "Dangwalin 'yan maruƙana ya tsinke, igiyan kasuwa kuma ba ya ƙarko. Rama yana nan a ruga. In za ka ɗaura, zo ka ɗaura inda zai yi amfani. Da yamma mu je gonanka tare mu kori tsuntsu. Ranan kasuwa kuma mu shiga Mubi ka ga likita, ka gaya masa wannan kasuwan na kanka."

Suka haye mayo, Baruwana yana biye. A ruga Dijatu ta shimfiɗa musu tabarma a inuwa, ba ta tambayi komai ba, ko da yake idonta ya ga na Kwaji ya yi ja. Ta shiga bukka ta fito da ƙwaryar kindirmo da ludayi, ta ajiye a tsakaninsu.

Nan take muryar zargin nan ta cikin kansa ta dawo, ko sallama ba ta yi ba. Me ya sa ta daɗe a cikin bukka? Me ya sa ludayin sabo ne? Wa ya ce don kai ka ƙulla ganye, su ba su da nasu nufin? Ai yanzu ne ma suka san kanka ba daidai yake ba, wa zai yarda da maganarka? Zufa ta karyo masa, ya ƙura wa ƙwaryar ido, yatsunsa suka fara laluben gezar tabarma.

Yaji ya gani. Ya miƙa hannu zai ɗauki ludayin ya fara sha, don abokinsa ya ga ba komai.

Kwaji ya cafke wuyan hannunsa.

"Bari, Sobajo. In ka fara sha, gobe ma sai ka fara."

Ya ɗauki ƙwaryar da hannu biyu. Muryar tana ta ihu a kansa, ba ta yi shiru ba, shi ma bai jira ta yi ba. Ya kafa kai ya sha, bai sauke ba sai da ya ga gindin ƙwaryar. Baruwana ya bi ƙwaryar da kallo har aka ajiye ta wayam.

Kwaji ya goge baki da bayan hannu, ya dubi Dijatu.

"Yana da daɗi, Dada Hapsatu," ya ce. "Ina raman?"